Zoɓon Aina'u Mai Ƙanƙara

A ƙofar wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa, inda yake aiki, Abdulbaqi ya fara ganin Aina'u, tana tsaye bayan kularta ta zoɓo mai ƙanƙara. Ya saya, ya yi mata murmushi, ta ce a kunyace, "Kai kuwa haƙoranka fari tas."

Wannan kalma ita ta ja masa. Bawan Allah ya duƙufa gurzar haƙora da gawayi da gishiri, da buroshi mai tauri, sau uku a rana. Garin neman gira ya rasa ido. Soyayya ta yi nisa, amma ko ruwan randa ya kurɓa sai ya ji zirr har ƙwaƙwalwa. Kunya ta hana shi faɗa, sai ya koma sayen zoɓon yana ba abokan aiki.

Auwalu, direban masana'antar, wanda shi ma yake son ta, shi ya kai wa mahaifinta labari cewa Abdulbaqi ƙyamar zoɓon yake.

Ranar da Abdulbaqi ya je gaisuwa gidansu a Panshekara, mahaifinta Malam Isyaku da kansa ya miƙa masa kofin zoɓo, ƙanƙara na yawo a sama. Abdulbaqi ya karɓa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ajiye.

Malam ya ce, "Ashe gaskiya ne. Wanda ya ƙyamaci abin hannun 'yata ba zai riƙe ta da daraja ba. Tashi ka tafi."

Bai kai titi ba saƙonta ya shigo: "Idan ƙyamata kake, ka faɗa min. Auwalu ya turo iyayensa, Baba ya ce su dawo nan da sati uku."

Nan take ya rubuta: "Wallahi haƙorana ne, sanyin idona. Don in burge ki na lalata su."

"Haba Baqina! Shi ne ka ɓoye min? Gobe ka je asibiti."

Likitar haƙori ta duba, ta girgiza kai. "Ka kankare ɓawon da ke kare haƙoran, dasashi ma ya ja baya. Ka bar gawayi, ka nemi buroshi mai laushi, ka rage tsami." Ta rubuta masa man goge baki na musamman, ta ce sauƙin sai a hankali.

Ana gobe iyayen Auwalu za su dawo, Abdulbaqi ya koma gidan Malam, zugin bai gama sakinsa ba. Ya durƙusa.

"Baba, ku gafarce ni. Wauta ce, ba raini ba." Ya faɗi komai.

Malam ya saurare shi har ƙarshe. Ya sa aka kawo zoɓo, ƙanƙara fal. Abdulbaqi ya ɗauka, ya rufe ido, ya kai baki.

Sai ya ji an riƙe masa hannu.

Malam ya karɓi kofin, ya tsame ƙanƙarar ɗaya bayan ɗaya. "Ni ma shekarata goma rabona da ita," in ji shi. "Sha a hankali, ɗana. Ka turo magabatanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Har yau Aina'u takan ware masa gora ɗaya kafin ta zuba ƙanƙara.