Waƙar Gawa a Tsibirin da Babu Haraji

Duk wanda ya zauna a Kafanchan bayan yaƙin basasa ya san Ticha Silvanus, mutumin Fadan Kagoma, malamin firamare kuma shugaban mawaƙan ikilisiyarmu. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, kuma har gobe in na tuna shi raina ɓaci yake. Mutum ne mai murya, mai kwat ɗaya tal, mai ido a kan motar kowa.

A zuriyarsu akwai wata waƙa ta yarensu da ba a rera ta sai gawar ɗan gida tana kwance. Mata ke gadonta, kuma a lokacin tana bakin yayarsa Afiniki. Ranar jana'izar babansu, Silvanus ya ɓoye rikoda a jaka ya ɗauki muryarta tana kuka, domin abokinsa Gilbert, lauya a Legas, ya ce masa Turawa na neman irin waɗannan waƙoƙi ruwa a jallo. Suka aika, shiru kake ji. Shi ne Silvanus ya hau dutse da rana tsaka wurin wani matsafi mai suna Kambai.

Kogo ne mai warin tsohon jini. A tsakiya akwai tukunya baƙa a kan duwatsu, gashin kaji ya manne a jikinta, ƙudaje sun rufe bakinta. Kambai ya sa ya kunna waƙar. Muryar Afiniki na tashi, ƙudajen suka watse gaba ɗaya.

"Ticha, wannan waƙan gawa ne," in ji tsohon. "Mai shi ya yarda?"

"Baba, ta gidanmu ce. Ni ne namijin gida."

"To, daga yau naka ne. Zan buɗe mashi hanya har ƙetaren ruwa. Amma waƙan gawa ba ya fita ya dawo hannu wofi."

"Me zai ɗauka?"

"Abin da ya saba. In ya ishe ka, ka zo gaban tukunyan nan ka ce, nawa ne, na kira shi gida. Mai abu kawai zai iya faɗa."

Silvanus ya yi dariya a ransa, ganin ƙofar fita a buɗe take. Kambai ya yanka baƙin zakara, ya ɗiga jinin a kan rikodar, ya zuba burkutu a tukunya, ya sa shi ya tofa yawu a ciki.

Kafin damina ta zagayo, wani kamfani a Landan ya buga faifan. Kuɗi suka fara shigowa, Silvanus ya ajiye alli, ya sayi fijo, ya kafa gidan bene. Sai kuma ma'aikatan haraji suka fara zirga-zirga a ƙofarsa, abin ya tsaya masa a wuya.

"Silva, kai ma ka cika ƙauyanci," in ji Gilbert. "Muddin waƙan yana sunanka, gwamnati za ta yanki nata a can, ta yanki nata a nan. Mu buɗe kamfani a wani tsibiri inda babu haraji, ka sayar mashi da waƙan dungum. Kada sunanka ya fito ko'ina. Ni zan riƙe maka a sunana, kai ka riƙa karɓa a ɓoye."

Silvanus ya sa hannu yana murna, har ya yanka akuya.

Mahaifiyar su Silvanus ce ta fara tafiya lahira, tana zaune tana ɓare gyaɗa. Aka ce tsufa ne. Sai ɗansa Luke, yaro lafiyayye, ya dawo daga makaranta ya kwanta bai tashi ba. Matarsa Irene ta fara jin waƙar a cikin randa da cikin murhu, har ta kai ana ɗaure ta da zani a ƙafar gado.

A jana'izar Luke aka ce Afiniki ta rera, ta buɗe baki babu abin da ya fito. A makon ne kuma ta ji muryarta a rediyon wani mai shayi a tashar jirgi, matasa na kaɗa kai. Ta zo gidan bene ko takalmi babu.

"Silvanus, a bayana na goya ka. Kukan da na yi wa Baba ka kai kasuwa?"

"Yaya, ki yi haƙuri, zan gyara."

Ya ruga kan dutse, ya durƙusa gaban tukunya, ya yi ta ihu, "Tawa ce, na kira ta gida!" Ƙuda ko ɗaya bai motsa ba.

"Ba naka ba ne kuma, Ticha," in ji Kambai. "Wa ka ba?"

Silvanus ya hau jirgi zuwa Legas, ya roƙi Gilbert da sunan Yesu ya mayar masa da kamfanin, ko ya zo ya faɗi kalmar da bakinsa. Gilbert ya dube shi kamar baƙo.

"Wane kamfani? Nuna mani inda sunanka yake. Ka je kotu mana, ka gaya wa alƙali ka ɓoye wa gwamnati haraji. Ni na riga na sayar wa wasu a Amurka."

Yana sauka a Kafanchan ya tarar ana wanke gawar Afiniki. Aka binne ta shiru, domin ba ta koya wa kowa waƙar ba. Silvanus ya ƙare yana yawo a bakin layin dogo, tsumma a jiki, yana tare fasinjoji yana tambayar wa ke da waƙarsa.

Ku da kuke neman dabarar ɓoye dukiya inda hannun kowa ba zai kai ba, ku ji da kyau. Naku hannun ma ba zai kai ba ranar da kuke neman ceton 'ya'yanku. Faifan nan har yanzu ana juya shi a wata ƙasa, kuma a zuriyar Silvanus saura 'yarsa Martha kaɗai.