Gashin da Fataka Bai Ci Ba

Ranar Talata Malam Ado, mai haɗa magani a likitar Zinder, wato asibiti, ya tarar an ɓalle akwatinsa. Littafin da ya yi shekara biyu yana roƙo kafin a aiko masa daga Dakar ya ɓace. A cikinsa yake neman sanin abin da ke cikin ruwan ganyen fataka da ke sa gashi ya saki fata.

Ranar Alhamis tafinta Mai Nasara ya tsamo littafin a tukunyar fatakar Tanimu majemi, an yanke ganyen takarda tara daga cikinsa. Kwamanda ya yanke wa Tanimu shekara guda ta aikin tilas.

Ado bai yarda ba. Ya fara da Ɗanjuma gardi, mai gadin wurin.

"Ka iya karatun Faransanci?"

"Malam, ni da ko sunana sai dangwale?"

Ado ya sallame shi, ya nufi majema wurin Delu, matar Tanimu.

"Tun Talata da rana maigidana ya tafi Mirya sayen fatu," in ji ta. "Yau ya dawo suka kama shi a ƙofar gari."

"Wa ya shigo nan yau?"

"Tafinta. Ya ce in kawo masa ruwan sha, ina dawowa ya hau ihu."

Ado ya tsaya gaban kwamanda, bai cire hula ba.

"An gama shari'a," in ji kwamanda.

"Ba a fara ba, ranka ya daɗe."

Ya buɗe jiƙaƙƙen littafin, ya zaro ƙyallen ɗanyar fatar akuya da yake sa alama da shi. Ya ja gashin da ƙarfi, bai fita ba.

"Kwana ɗaya a fataka, gashi da yatsa ake share shi. Da Tanimu ne ya jefa tun Talata, da fatar nan ta zama sumul. Yau aka jefa. Kuma ganyen da aka yanke su ne kaɗai masu maganar jima. Mai karatu ne ya zaɓa, amma bai taɓa jima ba."

"Kai wane ne da za ka..." Mai Nasara ya fara.

"Buɗe jakarka, tafinta."

Ganye tara na ciki, da wasiƙa zuwa ga wani mai sayen fatu a Kano.

Aka kwance Tanimu. Kwamanda ya miƙa hannu zai karɓi ganyen, Ado ya riga shi.

"Da sunana aka aiko su," ya ce. "Kuma ban gama karatu ba."