Shirun Yafet

"Ni na cuce shi! Ni da hannuna!"

Dinah ta jefar da katin asibiti, ta zube kusa da cittar da suka shanya a tsakar gida. Mijinta Gershon ya ajiye buhun da ke hannunsa. Ɗansu Yafet na gindin mangwaro yana jera murafen kwalba. Shekararsa uku da rabi, bai fara magana ba, ko sunansa aka kira ba ya waiwayowa.

"Me likita ta ce, Maman Yafet?"

"Wai ba wanda zai iya rantsewa maganin da na sha ne ya jawo. Wai ciwon damuwar ma in an bar shi yana taɓa ɗan da ke ciki... Lallashi ne kawai! Wata tara ina haɗiyar ƙwayoyin nan, Gershon!"

Tun rasuwar mahaifinta ciwon damuwa ya kama Dinah, wata likita a Kafanchan ta ɗora ta kan magani, ta samu sauƙi. Da ciki ya shiga, likitar ta ce kada ta daina. Ba ta daina ba, amma ciwon ya dawo fiye da da. Ta bar zuwa zumuntar mata a coci, abinci sai da roƙo, har ranar da aka tsinto ta zaune kan layin dogo, ba ta san me ya kai ta ba.

Gershon ya durƙusa a gabanta.

"Ba ki sha ba..."

"Ban sha me ba?"

"Maganin. Mama ta ce zai lalata ƙwaƙwalwar yaro, tsoro ya kama ni. Duk wata in na karɓo sai in juye, in zuba miki na ƙarin jini a ledar. Kamarsu ɗaya. Sai da kika haihu na mayar miki da na gaskiya."

Dinah ta ja da baya.

"Kai ka ɗauko ni daga layin dogo. Kana gani ina mutuwa..."

"Masoyiyata, ku biyu nake so..."

"Kar ka taɓa ni! Shekara biyu ina roƙon Ubangiji ya gafarta mini laifin da ban yi ba, kana cewa amin!"

Ranar ta goya Yafet, ta tare mai mashin zuwa gidansu a Kagoma.

Sati bakwai ba ta ɗaga wayarsa ba. Labari ya iso mata cewa ya tsaya gaban Fasto da mahaifiyarsa ya faɗi komai da bakinsa. Duk Alhamis kuma in ta kai Yafet asibitin wurin mai koya masa magana, sai ta tarar da Gershon a ƙarshen benci, ya rame, kansa a sunkuye.

A Alhamis ta takwas ta tsaya a kansa.

"Shiga ka gaya wa likita abin da ka gaya mini. Tana ta neman inda ta yi kuskure."

Ya shiga. Da ya fito idanunsa sun yi jawur.

"Ban yafe maka ba tukuna," ta ce, hawaye na zubo mata. "Ban san yaushe ba. Maganina kuma ni zan riƙa karɓa da kaina."

"Na yarda, Dinah."

Ta miƙa masa yaron.

"To tayar da mashin ɗinka... Mu je gida."