Kafar da Bamalli Ya Toshe

Ku yaran yanzu ba kwa jin magana. Da kun ga abin da kakanninku suka gina sai ku ce ƙauyanci ne. To, ku zauna ku ji.

Shekarar da aka fara kiran garin nan Suleja, akwai wani magini, Bamalli, wanda ya koyo aikin siminti a Kaduna. Ya gaji ɗakin dutsen kakansa a bayan kogin Iku. Duwatsu ne aka jera, manya a ƙasa, aka cike tsakaninsu da jar laka. A gindin bangon yamma an bar wata kafa, faɗin tafin hannu. Duk mai gyaran ɗakin ba ya taɓa ta.

Gwaggonsa Maiturare ta same shi yana kwaɓa siminti.

"Kai Bamalli, yaɓe ko'ina, amma bar kafar nan. Kakanka ya tarar da masu wurin kafin ya aza dutse. Ba sa bi ta ƙofar mutane. Nan ce hanyarsu."

Ya yi dariya. "Gwaggo, ɓeraye ne masu wurin naki."

Da la'asar ya toshe ta, ya shafe sumul.

Sai da ya kai bakin hanya ya tuna ya bar cokalin gininsa a ciki. Ya koma. Ana kiran magariba can nesa.

Ɗakin sanyi kamar rijiya. Warin ɗanyen siminti, da wani wari kamar an ƙona gashi.

Ya sunkuya zai ɗauki cokalin.

Ƙofa ta rufe. Babu iska.

Wata murya ta raɗa masa a ƙeya.

"Magini. 'Ya'yana suna waje."

Sai ya ji su. Ƙananan hannuwa suna bubbuga bango, daidai kafar.

Ya nemi a'uziyya, harshe ya ƙi. Ya durƙusa yana tonon simintin da yatsu. Simintin ya riga ya fara kamawa. Farce ya fita, jini ya zuba, bai tsaya ba.

Hannunsa na dama ya huda waje.

Suka kama shi. Yatsu masu sanyi, da yawa. Suka bi ta kan hannun suka shigo, ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa ta buɗe. Da rarrafe ya fita.

Kafin sati hannun daman nan ya bushe har gwiwa, ya yi tauri, ya yi launin toka. An kai shi asibiti, an kai shi wurin malamai, a banza. Shekara talatin ya ƙara a duniya yana kallon wasu suna gini. Bai sake aza dutse kan dutse ba.