Lefen Bashi

"Ki sakar min akwatina, Hajiya! Na ce ki sake shi!"

Ko kallona ba ta yi ba. Hajiya Hajara dillaliya, wadda duk Tarauni babu gidan amaryar da ba ta san ƙofarsa ba, ta durƙusa a tsakiyar ɗakina ta zuge akwatin lefena tana zaro kaya kamar a shagonta take.

"Akwatinki? Da kuɗin wa, yarinya?"

Matan gidan hayarmu sun cika bakin ƙofa, har da mai goyo da mai ludayi a hannu. Ni Husaina, amaryar da ko lallen ƙafarta bai gama gogewa ba, yau ni ake kallo!

"Mijinki bashi ya karɓa a hannuna, akwati biyu da sarƙar gwal. Ya ce duk Juma'a zai kawo wani abu, ya fara kawowa, sai kuma ɗif kamar an ɗauke wuta. Ina les ɗin? Ina manyan atamfofin?"

"An yi rabon dangi..." na ce.

"Rabo? Da kayana? To wallahi ko kuɗina ko kotu!"

Ta ciro sarƙar daga ɗan kwalinta ta jefa a jaka. A bayanta na hango Rukayya, 'yar kawun mijina, wadda tun kafin aurenmu take mutuwar sonsa. Wai ita ta rako Hajiya, sai ka ce Hajiya ba ta san hanya ba.

"Ayya amarya, sai haƙuri," in ji ta, tana danne dariya da bakin mayafi.

Da azahar na ji ƙarar Napep ɗin mijina Haruna a ƙofar gida.

"Sannu da zuwa, ango mai lefen bashi!"

Ya tsaya cak da ledar tumatir a hannu.

"Husna..."

"Kar ka sake ce min Husna! Ka tsayar da ni gaban ƙawayena ina ɗaga kai, ashe kayan aro nake yi wa yanga?"

"Ki saurare ni, masoyiyata. Injin Napep ne ya buga, gyara ya cinye abin da na tara. Ga mai Napep ɗin shi ma duk sati sai na kai masa nasa, saura kaɗan ya zama nawa..."

"Ban tambaye ka inji ba! Me ya kai ka cin bashi?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Akwati huɗu na kai gidanku da gumina, babu sisin kowa a ciki. Goggonki ta dawo min da su, ta ce 'yar ɗan'uwanta ba bazawara ba ce, ko shida da gwal ko in nemi wata."

"Sai ka faɗa min!"

"In faɗa miki in rasa ki?"

"Yanzu da ka yi min ƙarya ka same ni ke nan?"

Na zari mayafina. Ya riƙe bakinsa, na fizge. Ina sonsa, wallahi ina sonsa, amma a ranar da za a ba ni wuƙa ban san me zan aikata ba.

A gidanmu na Gyadi-Gyadi, Goggo Sa'adatu ta tarbe ni har da guɗa. Ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, a bayanta na yi wayo, kuma a gidanmu maganarta yankan wuƙa ce.

"Dama na faɗa! Matsiyaci ko an tsoma shi a tandun mai a bushe zai fito. Zauna abinki, 'yata. Masu mota na nan suna jira."

Da Haruna ya zo biko, a soro ta tare shi. Ina daga ɗaki ina jin ta.

"Takardarta za ka kawo, ba gaisuwa ba!"

"Goggo, ki yi min rai..."

"Ban haifi mai cin bashi ba, kar ka ƙara ce min Goggo!"

Ban fito ba. Na cusa kaina a filo na yi kuka har kaina ya yi ciwo, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina da nake kewarsa.

Ranar Asabar da hantsi wayata ta yi ƙara. Rukayya ce.

"Amarya a gidan uba, ya zaman yaji?"

"Me kike so?"

"Albishir zan miki. Yau Yaya Haruna zai sallamar da Napep ɗinsa a garejin bakin titi, ya sallami mai shi, ya biya Hajiya da ragowar."

Na miƙe zumbur.

"In ya sayar da me zai ci abinci?"

"Shagon Babana yana nan ai. Daga shago kuma... ke ma kin san sauran. Tuwon gida ba ya ƙwarewa."

Ta kashe.

Ina riƙe da wayar Goggo ta fito za ta gidan biki, tana walƙiya cikin les ruwan zuma. Les ɗin lefena ne, wanda ta zaɓa wa kanta ranar rabo. Na san kuma akwai manyan atamfofi biyu a ƙasan adakarta, ko ninkinsu ba a warware ba.

"Goggo, atamfofin nan da kika ajiye... ki ba ni su."

Ta juyo a hankali.

"Me kika ce?"

"Zan mayar wa mai su."

"Innalillahi! Rabon lefe ake karɓewa? A garin nan? Ke wace irin fitsararriya ce?"

"Ba rabo ba ne, Goggo, bashi ne. Na jikinki ma ba a biya ba."

Tas! Marin ya sauka har sai da na ga taurari.

"Ni? Ni da na goya ki? A kan ɗan adaidaita sahu?"

"Ke kika ce shida. Ya kawo shida. Yau zai sayar da abincinsa saboda shidan nan, mu kuma muna yawon biki da su."

Ta shige ɗaki fuuu, ta fito ta watsa min atamfofin a fuska.

"Kwashe tsiyarki! Amma in kika tsallake soron nan da su, babu ni babu ke. Ko gawata kar ki zo kai."

Matar da ta tauna ta ba ni ce take faɗar haka, kuma na san Goggo ba ta mayar da magana.

Na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Na tsallake soron.

Daga nan gida gida na bi dangi. Wata ta ba ni tana tsaki, wata ta ce ta riga ta ɗinka, wata ta biyo ni har waje tana cewa tunda take ba ta taɓa ganin amarya mai ƙwace ba. Na haɗiye. Na koma Tarauni na kwashe duk abin da ban taɓa sawa ba, takalma, jakunkuna, turaruka, na ɗora akwatunan biyu a kan kurar mai ruwa sai gidan Hajiya Hajara.

Ta ɗaga wannan ta shinshina wancan.

"Kayan da suka kwana a gidan wasu ba sa komawa kuɗinsu."

"Ko buɗe su ba a yi ba, Hajiya, ki ji tsoron Allah!"

"Ke ki ji! Ni na aike ku auren ƙarya?"

Muka yi ta ja, ta zage ni na rama da ladabi. Daga ƙarshe ta karɓa ta haɗa da sarƙar da ta riga ta ɗauke, ta zaftare abin da ta zaftare, bashin ya dawo dubu ɗari da ashirin.

"Duk Juma'a," in ji ta. "In aka tsallake ɗaya..."

"Ni zan kawo da ƙafata."

A garejin na same shi tsaye da wani mai tumbi yana bubbuga tayar Napep ɗin da ƙafa. Haruna ya rame, wuyansa duk ya fito. Ban yi sallama ba, na shige kujerar baya na harɗe.

"Malam, ba na sayarwa ba ne."

Mutumin ya kalli Haruna. "Wace ce wannan kuma?"

"Matata ce..." in ji Haruna.

"To ku ƙarata can." Ya yi tsaki ya wuce.

"Husna, me kika yi? Hajiya ta ce kotu..."

"Na mayar mata da kayanta. Saura kaɗan, kuma za mu biya. Amma ka buɗe kunnenka, don ban huce ba! Daga yau duk abin da ka samo a tafin hannuna za ka zuba. A cire na mai Napep, a cire na fetur, a cire na Hajiya, abin da ya rage shi za mu ci. Ka yi sallama da teburin mai shayi, ni zan zuba maka abinci a kula. Gas in ya ƙare gawayi ne. Anko kuwa ko na wa ne ba na yi."

"Amarya guda ki zauna da kaya kala nawa?"

"Da wanda aka biya! Kuma in ka ƙara ɓoye min ko naira biyar ce, wallahi sai dai ka ga takalmina."

"Na tuba, hasken idona. Na rantse ba zan ƙara ba."

"Ja mu tafi."

Ya tayar, muka hau titi. Ta madubi ya hango shatin yatsu a kumatuna.

"Wa ya mare ki?"

Na kawar da kai.

"Goggo?"

"Ta ce babu ni babu ita. Ko gawarta..."

Ya taka burki a gefen titi, ya juyo gaba ɗaya, hawaye na bin gemunsa.

"Saboda ni, Husna? Uwarki ce fa! Bari in koma in durƙusa mata, ko dukana za ta yi..."

"Ba za ta buɗe ba. Na san ta."

Kukan da nake dannewa tun safe ya ƙwace min. Na kifa goshina a bayansa, ya kamo hannuna ta kafaɗarsa ya riƙe gam, inji na ta kaɗawa a banza.

Can gaba wasu mata biyu suka ɗaga hannu.

"Tarauni, kasuwa!"

Na ja mayafi na goge fuskata, na matsa gefe.

"Me kake jira? Fetur kake ƙonawa. Ɗauke su."

Suka shigo da kwandunansu suna mita wai wurin ya yi kaɗan. Da suka sauka, babbar ta miƙa kuɗi gaba. Haruna bai karɓa ba, ya nuna mata ni.

"Ba wa uwar gida."

Na buɗe tafin hannuna ina jan hanci, na karɓa.