Lasifikar Hagu

Mai Kunne ake ce masa, domin a sana'ar gyaran kayan sauti babu ƙarar da ke wuce shi. Yana da faifai guda da yake gwada kowace na'ura da shi: ganga daga hagu, sarewa daga dama, muryar mawaƙi a tsakiya, kowa da mazauninsa. In suka cakuɗe, aiki bai yi ba.

Wata rana da yamma lis ya shigo gida rungume da tsohuwar lasifikar katako, wadda ya samo a wani gida da ake rushewa. Biyu ne, amma ta daman ta fashe, sai ya bar ta a shago, ya haɗa ta hagun da wata sabuwa a falo. Matarsa ta ce ya bari magariba ta wuce. Ya ce ai yanzun nan zai gama.

Ganga ta fito tangaran. Amma a ƙarƙashinta akwai wani abu, kamar mace tana rera waƙa baki rufe.

Ya canja waya, ya canja faifai, ya juya layin hagu zuwa dama. Kwana huɗu yana kwance na'ura yana ɗaurawa, yana tsaki, yana huce haushinsa a kan duk wanda ya gifta. Ranar da ya zare wayar daga bango kuma muryar ta ci gaba, sai ya zauna a ƙasa.

Daga nan aka fara jifa, kullum da faɗuwar rana, tsakuwa ɗaiɗai a kan kwanon rufin gidan. Autarsu, yarinya mai surutu, ta daina amsa kira. Sai a same ta durƙushe, kunne manne da katakon, tana bin waƙar.

Uwar ce ta kira malam, ba ta ko yi shawara da mijinta ba. Malamin ya zauna gefen tabarma, ya daɗe yana karatu a kunnen yarinyar. Can ta miƙe zaune, ta dubi mahaifinta da idon da bai sani ba.

"Kai ne mai raba mata da miji?" Muryar tsohuwa ce, a dishe.

Ta ce shekara arba'in suna zaune a akwatunan nan, ita a ɗaya, maigidanta a ɗaya. Tunda an raba su, ta riƙe yarinyar ta zama abokiyar hira. Malam ya ce zalunci ne, ya ɗaga murya da karatu har ta yi ƙara. Ta nemi a bar mata falon, ya hana. Ta nemi kunnen yarinyar ɗaya, ya hana. Daga ƙarshe ta yarda za ta fita, in za a mayar da su wuri ɗaya inda ba kowa, kuma kada a sake sa musu waya.

Mai Kunne ya buɗe baki. "Malam, ko sau ɗaya in gyara ta daman, in ji su tare..."

Matarsa ta kalle shi. Ya haɗiye sauran.

Auta ta yi atishawa uku, ta nemi ruwa.

Washegari ya ɗora akwatunan biyu a baro, ya tura su har wani kango a bayan gari, ya jera su kafaɗa da kafaɗa. Ya shafa katakon, irin wanda ya shekara ashirin yana nema. Sannan ya juya baron, ya kamo hanyar gida, bai waiwaya ba.