Dakta Nazeer na Bakin Kurmi

Da hantsi Alhaji Jibrin ya shigo caji ofis yana huci. An sace sarƙar gwal ɗin matarsa a gidansa na Zaitawa, kuma wai mai aikinsu ce.

Sufeto Nata'ala ya je ya duba. Ba a ɓalle makulli ba, mai aikin ma tana ƙauye tun satin jiya. Ya taɓe baki. Ya gaji da masu gida irin wannan, masu nuna talaka tun kafin a tambaye su.

A lungun falo ya hangi Bahijja, 'yar Alhajin mai shekara goma sha biyar, ta ƙanƙame waya.

"Kiran wa kike jira?"

"Ƙawata."

Ya karɓi wayar ya duba. "Ƙawar taki ce Dakta Nazeer?"

Ta fashe da kuka. A intanet suka haɗu, ya ce shi likita ne a Dubai. Ya yi ta zuba mata daɗin baki har ta tura masa hotunan da bai kamata ba. Daga nan ya ce ko gwal, ko duk Kano ta gani. Ƙaninsa ta miƙa wa sarƙar a bakin kasuwar Kurmi.

Alhaji ya rage murya. "Sufeto, a rufe maganar nan. Sunana..."

"Sunanka ba ya kuka, Alhaji. 'Yarka ce take yi."

Sufeto ya saurari saƙon muryar likitan. A bayansa ana jin gudumar maƙera, ga wani yana tallan rake.

"Dubai ta ci gaba," in ji shi.

Ya sa Bahijja ta rubuta wa likitan cewa ta samo 'yan kunne. Bayan la'asar ƙanin ya ɓullo bakin kasuwa, magidanci mai furfura a gemu, Sabo mai gyaran waya a Jakara. Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya riƙe shi.

"Ranka ya daɗe, aiko ni aka yi."

Sufeto ya kira lambar likitan. Aljihun Sabo ya ɗauki ƙara.

"Ɗaga mana, Dakta."

A wayar Sabo akwai lambobin yara mata barkatai, kowacce da ƙaryar da aka yi mata. Sabo ya durƙusa, ya ce shi ne, sarƙar tana shagonsa. "Wallahi sharrin Shaiɗan ne."

"Muryar da na ji taka ce."

Aka buga masa ankwa. 'Yan kasuwa suka taru, Sabo ya sunkuyar da kai yana ɓoye fuska.

"Ɗago," in ji Sufeto. "Ai kai ne mai son a ga mutane."

Kofur ya tura ƙeyarsa zuwa mota.